Gangar Tsohuwa, Zuciyar Yarinya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da jaririn da har yau ba mu san kamanninsa ba sai a labari. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana takawa har bakin rijiya da sandarta. Idon ne dai. Yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagun kuma tana ganin mutum kamar ta bayan labule. Shekaranjiya ta tsaya ta gaida buhun masarar da na jingine a ƙofar ɗaki, har tana tambayarsa gajiya. Da ta gane sai ta yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Likitocin ido za su sauka a babban asibiti tsakiyar damina, kuma an rubuta sunan Inna cikin waɗanda za a cire wa yana. Ka san hanyarmu. Da ruwa ya sauka, daga gonar nan zuwa bakin kwalta babu abin da ke wucewa sai jif ɗin marigayi Baba. To ita ma ta kwanta. Ina dawowa daga kai kaya, a hawan dutsen nan, allurar zafi ta haura ja, farin hayaƙi ya turnuƙe. Mai Guduma, bakaniken bakin kwalta, ya zo ya kwance. Ya ce kan injin, wanda kuke kira tof, ya tsage, ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ya ce a nan ko da fitila aka nema ba za a samu ba.

Kai kuwa kana zaune a tsakiyar kasuwar kayan mota, su ne abokan hirarka safe da yamma. Ka nemo mana. Ka san halinta, gangar tsohuwa ce da zuciyar yarinya, don haka ka zaɓo wanda ya dace da ita. Ka ba direban motar madara, shi ne zai kai maka wannan. Kada ka ce za ka kira waya, tun da iska ta kayar da ƙarfen sabis na kan tudu ba mu ƙara ganin layi ba.

Ban cika roƙonka abu ba, Auta. Wannan kam ka yi shi da sauri.

Inna tana sa maka albarka.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Yaro yana fama da haƙori, uwarsa tana gaishe ku. Ki gaida Inna, ki ce mata buhun ya ce yana amsawa.

Maganar jaririn da ba ku gani ba, na ji ta, na haɗiye. Ke kin san ba yawon shan iska na zo yi ba.

Tof ya samu. Na zagaye layi bayan layi kafin in sami wanda ba a taɓa yi wa walda ba, na cire shi da hannuna daga jikin wata motar da hatsari ya ci bayanta kawai. Yana da nauyi, direban madara ya ce ba zai haɗa shi da garwarsa ba, don haka na ba wani direban siminti da ke bi ta bakin kwaltarku. Takardar nan ita ce za ta biyo motar madara.

Ki karanta wa Mai Guduma wannan a hankali. Injin irin motarmu fita biyu ne, akwai tsohon fita da sabon fita. Daga nesa kamar tagwaye suke, kusoshin tof ɗinsu ma wuri ɗaya suke shiga, shi ya sa mutane ke yin ɓarna. Amma ramukan da ruwa ke bi ba ɗaya ba ne, kan fistin ɗin tsoho a shafe yake, na sabo yana da kwarmi kamar cokali, nozul ɗinsu masu fesa mai ma ba tsawo ɗaya ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Tsohon fita murfin gabansa na ƙarfe ne, sabo na roba. Namu tsoho ne, ba sai na tambaya ba. Ni da Baba muka haɗa injin nan kusa bayan kusa kafin in taho, na san shi kamar yunwar cikina. Duk da haka kada ya ɗaure komai sai ya shimfiɗa gaskit, wato shimfiɗar da ke shiga tsakanin tof da ganga, a kan gangar injin ya ga kowane ramin ruwa ya yi ido biyu da ɗan uwansa.

Wai gangar tsohuwa da zuciyar yarinya. Kin ba ni dariya, Yaya, har kirari kike yi mata. Gaskiya ne kuwa, motar nan ba ta san tsufa ba.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Ƙanenki Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, don mu nan ba mu da ita. Inna tana kwance da tari da zazzaɓi. Ba a yi aikin ido ba. Likitoci sun naɗe kayansu sun tafi. Ka zauna da kyau ka karanta yadda aka yi, tunda kai ne ka yi.

Ƙarfenka ya iso babu takarda. Mai Guduma ya ɗora shi, kusoshi suka shige sumul, ya ce ka ga aikin ɗan gida. Nozul suka ƙi zama, ya yi musu ciko da 'yan zobban ƙarfe, ya buga nan ya buga can. Mota ta tashi da ƙyar tana tari kamar mai asma. Na ce anya? Ya ce sabon aure ne, za su saba.

Ranar tafiya na yi wa Inna wanka, ta sa mayafinta mai kyau, ta ce yau za ta ga fuskata. Muka haye rafi lafiya. Muna hawa tudun bayansa allura ta tafi ja kamar an kore ta. Kafin in sami inda zan tsaya na ji ƙara a cikin injin, gau, kamar an jefa tabarya a rijiya. Ta mutu murus a tsakiyar taɓo. Sai ruwa ya kece. Rufin da ka san yana yoyo yana nan yana yoyo. Na cire zanen goyon kaya na lulluɓe Inna, ina jin haƙoranta suna haɗuwa, ita kuwa tana ce mini, kada ki damu, Auta ya san motar nan, yanzu za ta tashi. Ka ji? Kai take karewa alhali ruwa yana bin bayanta.

Sai da rana ta yi sanyi maƙwabcinmu mai tarakta ya janyo mu. Da na samu na kai ta asibitin a bayan taraktar, tana tari kamar ƙirjinta zai fashe, nas ta dube ta ta ce ba a sa wa ido wuƙa mutum yana tari. Muka juyo.

Jiya direban madara ya miƙo mini takardarka, duk ta sha baƙin mai. Ya ce ta faɗa bayan kujera, ya manta. Na karanta, na je na ɗaga bonet na duba. Murfin gaban na roba ne, Auta. Na roba! Sabon fita ne a cikin motar nan tun Baba yana da rai. Shi ya cire tsohon ya sa wannan da ya samu daga wata motar da ta kife. Abin da na rubuta maka ke nan ƙuru-ƙuru, gangar tsohuwa da zuciyar yarinya. Kai kuwa ka zauna kana dariya wai kirari nake yi. Ina da lokacin yi wa ƙarfe kirari? Ni ce mai noma, ni ce direba, ni ce mai jinya.

Wai ka san shi kamar yunwar cikinka. Da ka zo gaisuwar Baba, motar tana ƙofar gida, a jikinta ka jingina kana karɓar gaisuwa. Da ka ɗaga bonet sau ɗaya da ka gani. Ba ka ɗaga ba, don tun ka sauka idonka yana kan hanyar komawa.

Mai Guduma ya ce injin ya buga, fistin biyu sun narke sun kama. Yanzu ba mota, ba ido.

Na gode da taimako.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba. Ki dafa mata ruwan zafi, ki kai ta ko wurin mai magani ne a duba ƙirjin, kada ki ce zai wuce.

Amma tunda kin ɗora mini kayan duka, bari in sauke wanda ba nawa ba.

Wa ke aiken kayan inji da karin magana? A jikin gangar injin, gefen hagu, ƙarƙashin famfon dizal, akwai lamba a buge. Da ita kika kwafo da duk wannan bai faru ba. Mutanen da ba su taɓa riƙe biro ba suna zuwa shagonmu da lamba a rubuce a tafin hannu, ke da ke karanta wa maƙwabta takardunsu kin aiko mini da kacici-kacici. Shi kuma wannan da kike kira bakanike, nozul ya ƙi zama, maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili sai ya ɗauko guduma. Ƙarfe idan ya ƙi shiga magana yake yi. Ke ma kin ji tana tari, kika ce anya, sannan kika ɗauko tsohuwa kika sa a ciki.

Sannan ki gaya mini, yaushe aka cire injina? Wa ya gaya mini? Kina rubuto mini labarin akuyar da ta haihu da katangar da ta faɗi, amma an ciro abin da na shekara ina haɗawa da Baba, babu wanda ya ga ya dace in sani. Yatsana na hagu har yau bai miƙe ba saboda filawil ɗin injin nan. Ranar da ya tashi Baba ya kashe ya sake tayarwa ya fi a ƙirga, don kawai ya ji ƙararsa. Shi ne kaɗai abin da na taɓa yi Baba ya ce na iya. Kuka cire kuka yar kamar ruɓaɓɓen haƙori, yau kuma laifina ne da ban sani ba.

Ban ɗaga bonet ba, gaskiya ne. Na iso an riga an binne shi, don saƙonku ya same ni a makare. Kina so in bar kabarin ubana in je duba murfin roba? Da na ɗaga ma, ke ce za ki fara cewa ga shi nan, gawa ba ta huce ba ya fara leƙen gado.

Kullum maganarki ni ce, ni ce. To ni ma ni ne. Ni ke tsaye daga safe har magariba cikin baƙin mai, ni ke kwana a ɗaki ɗaya da mata da ɗa da tarin tayoyin maigidan shagonmu. Ba ku taɓa neman abu na ce babu ba.

Tambaya ɗaya nake so ki amsa, ban da habaici. Ina tsohon injin? Kun sayar wa 'yan gwangwan ne?

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Tarin Inna ya lafa, tana cin abinci. Ta ce a gaida yaro.

Injinka yana rumfar bayan gida, ƙarƙashin tamfol, kaji suna ƙwai a gindinsa. Ba wanda ya yar. Shekarar da ka tafi rafi ya cika, Baba ya kutsa da injin da zafi, tof ɗinsa ya tsage. Ya nema bai samu ba, sai ya sa wannan. Naka ya cika shi da mai, ya toshe ramukansa da tsumma, ya hana kowa taɓawa. Bai rubuta maka ba don Baba ba ya rubutu, ni kuma na ɗauka ya gaya maka. Ka ga ba taron dangi aka yi a kanka ba.

Wai lamba. Ni na san akwai lamba a ƙarƙashin famfo? Da kuke kwance a ƙarƙashin motar kai da Baba, ni ruwa nake kawo muku, in na leƙa ku ce in matsa zan tare haske. Yau kuma an ga laifina ban san abin da aka hana ni gani ba.

Nas ta ce likitocin za su yada zango na ƙarshe a wani asibiti can gaba kafin ruwa ya ɗauke, in mun isa za su karɓe ta. Ta kuma ce wanda aka yi wa aikin ido ba ya shan jijjiga, don haka a manta da tarakta. Na gaya wa Inna. Ta ce a bari kawai, ta ga duniya iya gani, kada 'ya'yanta biyu su cinye juna a kan idon tsohuwa. Wannan maganar ta fi takardarka yi mini ciwo.

Masu sayen ƙarfe suna zagayowa. Zan ba su injinan biyu da tof ɗinka a kai, in huta da ganinsu. Ba shawara nake nema ba.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da sauƙin Inna. Mu ma lafiya, haƙorin ya fito.

Idan kika sayar da injin nan, wallahi ni da ke sai a lahira. Ki karanta kafin ki yaga.

Ke ba ki ga abin da ke gabanki ba? Tsohon inji tof kawai ya rasa. Tof ɗin da na aiko na tsohon fita ne. In tof amarya ce, tsohon injin mijinta ke nan, yana gidan tun tuni, kuka kai ta gidan da ba nata ba.

Na je wurin maigida na ce zan zo. Ya ce kaya na sauka, in na tafi in tafi da takalmana duka. Na juya na koma bakin aikina. Ina da ɗa, Yaya. Don haka ke za ki yi, kuma za ki iya. Kin ce mun hana ki leƙe, to ga shi na buɗe miki duka.

Da farko ki karɓe gudumar mutumin nan ki kulle a ɗakinki. Da gaske nake. Sannan a cire tof ɗin, a wanke, a kai wa mai injin goge ƙarfe na bakin kwalta ya ɗora masa ma'auni, don zafin da ya sha zai iya sa ya lanƙwashe. In ya ɗan karkace a goge fuskarsa kaɗan. Tsohon injin ku zare tsumman, ku ɗiga mai a kan kowane fistin, ku bar shi ya jiƙa, sannan ku juya shi da hannu. In ya juya, yana da rai.

Abin da za ku ɗauka daga wanda ya buga: kik, da dainamo, da lagireto, da fanka, da faifan kulochi. Waɗannan duk uwarsu ɗaya, za su hau. Giyabos ba ruwansa, kowanne ya samu aure yake. Abin da ba za ku taɓa ba ko da ya yi muku murmushi: fistin, da nozul, da famfon dizal, da famfon ruwa. Tsoho ya yi amfani da nasa. Famfon ruwan sabo zai zauna a jikin tsoho daram, amma baya yake tura ruwa, kada Mai Guduma ya rufe ki da surutu. Kujerun da injin ke zama a kai, na san Baba ya matsar da su da ya sa sabon. Ki duba jikin ƙarfen, za ki ga tabon inda suke da, a mayar da su nan.

Na haɗa gaskit da ringi da tacen mai. Wannan karon takarda da kaya a ƙulli ɗaya suke, na ɗaure a wuyan kwalin da waya, na kuma gaya wa direban madara abin da zan yi masa in ya sake.

Ki shimfiɗa gaskit ɗin da hannunki. Ki leƙa kowane rami da idonki. Kada ki yarda da idon kowa.

Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce. Aikin ne ba ya jira.

Auta

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, tunda fata kawai aka bar ni da ita.

Motar madara ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, babu ko layi ɗaya. Direban ya ce ya ba ki kwalin hannu da hannu, kin karɓa. Ya ce bai ga jif a ƙofar gida ba, bai kuma ga Inna a tabarmarta ba.

Mene ne wannan? Kin sayar ne kike jin nauyin faɗa? Ko jikin Inna ne ya tashi kike ɓoye mini, sai an gama komai a aiko mini irin na Baba? In horo ne kike yi mini, ya isa, ya kamu. Jiya na ba wani mutum famfon da ba nasa ba, maigida ya zage ni a gaban jama'a.

Ko zagi ne ki rubuto.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ni da Inna. Ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya mutu sai farcen babban yatsana.

Ban rubuto ba don hannun da zai riƙe biro yana cikin baƙin mai, ba don horo ba. Kai komai sai ka mai da shi kanka. Motar ba ta ƙofar gida don mun tura ta ƙarƙashin bishiyar baya, inda muka rataya sarƙa. Inna kuwa can ta sa aka kai mata tabarma, wai ba ta gani amma tana so ta ji.

Na kulle gudumar. Mai Guduma ya yi fushi ya tafi, ya dawo washegari da wata, ita ma na kulle. Injin ya ƙi juyawa da farko, har na ce ka cuce ni karo na biyu. Muka ƙara mai muka bar shi. Da ya saki sai da na zauna a ƙasa. A kan famfon ruwa mun kusa dambe, yana rantsuwa na sabon ya fi ƙyalli. Na ce ko da zinariya aka yi shi ba zai hau ba. Gaskit ni na shimfiɗa, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya. Kujerun inji kuma ba ka faɗi daidai ba, ta hagu ce kaɗai Baba ya matsar, muka ɓata yini muna neman tabon da babu. Ka riƙe wannan, kai ma ba komai ka sani ba.

Da na murɗa makulli ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama. Ƙararsa daban ce, mai kauri, kamar yana magana daga ƙirji. Inna ta ɗaga kai ta ce, wannan ai na Auta ne. Ba wanda ya gaya mata wanda muka sa. Ni na san abin da na ji, ina tsaye da farce a cire.

Ba shi da gudun wancan, a kwalta har masu babur suna wuce mu. Amma a taɓo bai yi gardama ba ko sau ɗaya, allura kuma ba ta motsa daga tsakiya ba. Mun sami likitocin suna shirin tashi. Aka yi mata na dama.

Da aka cire audugar ina gabanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, ke, haka kika tsufa? Abin da na samu ke nan. Ta kama fuskata da hannu biyu ta yi ta kuka, nas tana faɗa wai hawaye ba shi da kyau.

Yanzu ga abin da ya sa har yanzu raina a ɓace yake. Likita ya ce na hagun ma za a iya yi a asibitin birni in wannan ya warke, ya ba mu takarda. Inna ta ce ba ta yarda ba. Wai ido ɗaya ya ishe ta ganin gida da ni. Ɗayan ba mai taɓa shi sai ranar da ka zo ka tuƙa ta da kanka, da yaron a cinyarta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce maigidanka ba ya barinka. Ta ce ita ta haife ka, ba maigida ba.

Ka gani? Ni na ɗaga inji da sarƙa, ni na tuƙa, ni na kwana a kan benci, amma ido guda an ajiye maka shi kamar rabon nama. Ban yafe wannan ba, kuma ban san ranar da zan yafe ba.

Yadda za ka yi da maigidanka, kai ka sani. Ni dai na gaya maka, likita ya ce yana ba ta son a bar ta ta ƙeƙashe. Na share ɗakin Baba, na sa an gyara ƙofarsa da ke maƙalewa. Ka gaya wa maiɗakinka ta taho da kayan sanyi na yaro, nan da safe akwai raɓa.

Kada ka aiko takarda. Ba zan karanta ba. Ka zo.

Yayarka